Girman Ƙwaya da Gyaran Fuskarta: Abin da Ke Cikin Batir da Taya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ya san abubuwa biyu. Dunƙulen kanwa yakan daɗe cikin ruwa bai narke ba, amma idan an daka ta ta zama gari, nan da nan sai ta bi ruwa. Gungumen itace kuma yakan kwana yana cin wuta a hankali, ƙirare kuwa kafin tukunya ta tafasa sun zama toka. Kanwar ɗaya ce, itacen ma ɗaya ne. Girman gutsuren ne kaɗai ya bambanta. A kan wannan ɗan ilimi na bakin murhu aka gina batirin wayar da ke aljihun iyayenku, da tayar motar da ta kawo ku makaranta. Ina so mu duba yadda abin yake, musamman ku 'yan babbar sakandare masu karatun kimiyya.

Bari mu fara da lissafi, gama ba shi da wuya. Ɗauki dunƙule mai kusurwa kamar ƙwayar sukari, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita 1. Yana da fuska shida, wato murabba'in santimita 6 ke nan. A yanka shi gutsure-gutsure masu milimita 1, za a sami guda 1,000, faɗin fuskarsu gaba ɗaya kuwa ya zama murabba'in santimita 60. A ci gaba da niƙawa har kowace ƙwaya ta zama maikiromita 10, faɗin ya kai 6,000. Maikiromita shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaurin gashin kai kuwa wajen maikiromita 70 ne. Idan aka kai ƙwayoyin ga nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na maikiromita, faɗin fuskar ya zama murabba'in mita 60. Daɓen aji guda ke nan, daga abin da za a iya riƙewa da yatsu biyu. Nauyin bai ƙaru ko kaɗan ba.

A fuska ne abu yake haɗuwa da maƙwabcinsa. Nan ake narkewa, nan ake ƙonewa, nan ake mannewa, nan ne kuma tsatsa take farawa. Saboda haka mai niƙa yana sayen sauri da ƙarfi, yana kuma sayen ɓarna tare da su a farashi ɗaya. Aikin injiniya shi ne ya karɓi na farkon, ya toshe na biyun.

Cikin batir

Kowane batir yana da sassa uku: anod, katod, da ruwan da ke tsakaninsu wanda ake kira elektirolait. Anod shi ne gefen da elektiron suke fitowa sa'ad da batir yake aiki, gefen da ake yi wa alamar ɗebewa. Yaran da suka saba fasa tsohon batirin tocila don su ciro baƙin sandan nan su lura da kyau, domin a jarrabawa da yawa sukan faɗi a nan: sandan kabon ɗin yana gefen katod ne. Gwangwanin zinki da ya kewaye shi shi ne anod.

A batirin litiyam na waya da na hasken rana, anod wani falle ne na jan ƙarfe wanda bai kai kaurin takarda ba, an shafe shi da baƙin gari. Garin nan girafait ne, wato abin da ke bakin fensir. Girafait kabon ne da aka jera falle bisa falle kamar shafuffukan littafi. Idan ana caji, ayon na litiyam sukan baro katod, su ratsa ruwan batir, su kutsa tsakanin shafuffukan su zauna. Idan ana amfani da wayar sai su koma. Atam shida na kabon suna karɓar baƙo ɗaya tak na litiyam, shi ya sa iyakar abin da giram guda na girafait zai riƙe shi ne mAh 372. Batirin da aka rubuta wa mAh 5,000 yana bukatar girafait fiye da giram 13.

Mai karatu zai tambaya, me ya hana a sa ƙarfen litiyam kansa a anod, a huta da girafait? An gwada. Wani kamfani a Kanada mai suna Moli Energy ya sayar da irin wannan batir a shekarun 1980. Matsalar ita ce duk sa'ad da aka yi caji, litiyam ba ya komawa sumul kamar yadda yake da farko. Yakan toho kamar gansakuka da ƙananan allurai, faɗin fuskarsa yana ta ƙaruwa, haɗarin wuta kuma yana ƙaruwa tare da shi. A 1989 wata waya ta kama wuta a Japan, aka janye baturan daga kasuwa. Kafin wannan, a 1985, Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei ya riga ya haɗa batir mai anod na kabon, Sony kuma ta fito da batirin litiyam kasuwa a 1991. A 2019 aka ba Yoshino kyautar Nobel tare da John Goodenough da Stanley Whittingham.

To, wane girma ya dace da ƙwayar girafait? Litiyam yana shiga ta gefen shafi, ya yi tafiya zuwa tsakiyar ƙwayar. Lokacin tafiyar nan ba ya bin tsawon hanya kai tsaye, yana bin tsawon ne sau kansa. Idan an rage girman ƙwaya da rabi, lokacin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙananan ƙwayoyi ke nan suna karɓar caji da sauri. Manya kuwa, idan aka matsa musu da caji mai ƙarfi, litiyam yakan yi cunkoso a bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya daskare a waje ya zama ƙarfe, mu koma ga matsalar allurai.

Da a ce magana ta ƙare a nan, da sai a niƙa girafait lilis a wuce wurin. Amma akwai wani abu da ke faruwa a cajin farko, tun batir yana masana'anta. Ruwan batir ba ya jure zama kusa da girafait mai cike da litiyam. Inda duk suka taɓa juna sai ruwan ya ruɓe, ya bar wani siririn ɓawo a kan ƙwayar, kamar wanda kunu yake yi a sama idan ya huce. Emanuel Peled na Jami'ar Tel Aviv ne ya bayyana wannan ɓawo a 1979, masana kuma suna kiransa SEI a taƙaice. Ɓawon nan abin mamaki ne. Yana barin litiyam ya wuce, yana hana elektiron wucewa, ta haka ruɓewar ruwan take tsayawa. In ba dominsa ba, batir ba zai yi mako guda ba. Sai dai da litiyam ake gina shi, litiyam ɗin da ya shiga ginin kuwa ba ya dawowa. A anod na girafait, abin da yake salwanta a cajin farko yakan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Ku tuna da lissafinmu na ɗazu: ƙaramar ƙwaya, babbar fuska, ɓawo mai yawa, asara mai yawa. Garin da ya yi laushi ainun kuma ba ya cusuwa da kyau, yakan ci wuri. Shi ya sa masana'antu suka tsaya a tsakiya, wajen maikiromita 10 zuwa 20.

Yadda ake yi wa girafait riga

Girafait da ake haƙowa daga ƙasa fale-fale yake fitowa kamar ɓawon kifi. Idan aka shafa shi haka a kan jan ƙarfe, sai ya kwanta shimfiɗe, ƙofofin da litiyam zai shiga su juya gefe. Don haka ake zuba shi cikin injin da yake bugunsa yana naɗe shi har kowace ƙwaya ta dunƙule. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kamanninta sak dankalin Turawa, haka ma masu sana'ar suke kwatanta ta. Aikin yana da asara, gama sau da yawa fiye da rabin abin da aka zuba yakan fita a matsayin ƙura da ba ta shiga batir. Sa'an nan a wanke shi da asid ko a gasa shi har tsabtarsa ta kai kashi 99.95 cikin ɗari.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi burge ni. Ana gauraya ƙwayoyin da wani irin kwalta, a gasa su cikin tanderun da babu iskar oksijin, a zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Kwaltar takan narke ta lulluɓe kowace ƙwaya, ta cike tsaguwa da ramuka, ta koma siririyar rigar kabon. Girman ƙwayar kusan bai canja ba, amma faɗin fuskar da ruwa zai taɓa ya ragu ƙwarai, kaifafan gefuna sun rufu, ɓawon da zai fito ya zama siriri mai lafiya. Ana kuma gyara fuskar ta ɓangaren ruwan. A 1990 Jeff Dahn da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa wani sinadari, etilin kabonet, yana gina ɓawo mai kyau a kan girafait, alhali ɗan'uwansa furofilin kabonet yakan bi litiyam ya kutsa tsakanin shafuffukan ya ɓamɓare su. Bambancin sinadaran biyu ɗan kaɗan ne a takarda, amma shi ya buɗe wa girafait hanya.

Akwai abin tunani a nan ga mu mutanen Afirka. Ɗaya daga cikin manyan ma'adinan girafait na duniya yana Balama a arewacin Mozambik, Madagaska da Tanzaniya ma suna da shi. Amma dunƙulewa da wankewa da sa riga, kusan duka a ƙasar Sin ake yi, a nan ne kuwa kuɗin yake. Da Sin ta sa dokar neman izini kafin fitar da girafait a Disamba 2023, masu ƙera motocin lantarki a Turai da Amurka sun shiga damuwa, ko da yake dutsen yana nan jingim a wasu ƙasashe. Mu ma da ake haƙar dutsen litiyam a Nasarawa, ya kamata mu san cewa wanda ya iya niƙa da tankaɗe ya fi mai rami samu.

Silikon mai kumburi

Silikon, wanda ake samu daga yashi, yana riƙe litiyam kusan ninki goma na girafait, wajen mAh 3,600 a giram. Batirin nan na mAh 5,000 zai wadatu da giram ɗaya da rabi. Amma silikon ba shi da shafuffuka. Yana haɗiye litiyam ne cikin jikinsa, ya kumbura har girmansa ya kusa ninka huɗu, sa'an nan ya motse idan litiyam ya fita. Girafait kumburinsa wajen kashi 10 cikin ɗari ne kawai. Ku dubi yadda laka take tsagewa a bakin tafki da rani. Haka ƙwayar silikon take yi bayan 'yan caji kaɗan. Kowace tsaguwa sabuwar fuska ce, sabuwar fuska kuwa tana neman sabon ɓawo, sabon ɓawo yana cin litiyam da ruwa, har batir ya mutu da ƙuruciyarsa.

A 2012 wasu masana a Amurka suka zuba wa ƙwayoyin silikon ido ta madubin elektiron sa'ad da litiyam yake shigarsu. Suka ga waɗanda suka fi nanomita 150 suna fashewa, waɗanda ba su kai haka ba kuwa suna kumbura su tsira lafiya. Ƙanƙanta ta magance fashewa, amma ta dawo da tsohuwar matsalar faɗin fuska, da ƙarfinta ma. Yi Cui da ɗalibansa a Jami'ar Stanford suka ɓullo da wata dabara: a sa ƙwayar silikon cikin ƙwanson kabon wanda ya fi ta girma, kamar gwaiduwa cikin ƙwai, a bar mata fili ta kumbura ta motse a ciki. Ɓawon sai ya fito a bayan ƙwanson da ba ya motsi. A 2014 suka tara irin waɗannan ƙwai da yawa cikin dunƙule ɗaya mai riga ɗaya, kamar 'ya'yan rumman, domin ruwa ya taɓa bayan dunƙulen kaɗai. Dabarun nan suna da tsada. Abin da aka fi yi a kasuwa shi ne a barbaɗa silikon kaɗan cikin girafait, ko a cusa shi cikin ramukan kabon mai kama da soso. Tun wajen 2023 wasu wayoyin ƙasar Sin suke fitowa da irin wannan anod, shi ya sa batirinsu ya ƙara riƙe wuta ba tare da wayar ta yi kauri ba.

Ɓawon nan bai daina girma gaba ɗaya ba, a hankali yake ƙaruwa muddin batir yana raye, zafi kuwa yana hanzarta shi. Batirin hasken rana da aka ajiye a ɗakin kwano mara taga a watan Afrilu, ko wayar da aka bari tana caji ƙarƙashin matashin kai, ana rage musu kwana ne.

Kayan gami

Anod kansa gami ne: girafait, da ɗan baƙin kabon mai kai wuta tsakanin ƙwayoyi, da ɗan danƙo mai riƙe su. Kayan gami su ne waɗanda aka haɗa abu biyu ko fiye, kowanne yana nan da halinsa, amma tare sun fi ƙarfin kowannensu shi kaɗai. Ba sabon abu ba ne. Littafin Fitowa sura 5 ya ba da labarin yadda Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar yin tubali don ya tsananta musu, maginanmu kuma har yau suna kwaɓa ƙasa da ciyawa domin kada gini ya tsage. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina. Abu mai taushi yana miƙa nauyi ga abu mai ƙarfi da ke cikinsa, kuma ta fuskar da suka haɗu ne yake miƙawa. In fuskar ba ta kama ba, ƙwayar ba ta da bambanci da rami.

Danƙon roba fari-fari ne, tayoyin farko ma farare ne. Wajen 1912 kamfanin B. F. Goodrich na Amurka ya fara zuba baƙin kabon da yawa cikin taya, tayar ta yi baƙi, ta kuma daɗe ninki-ninki kafin ta cinye. Baƙin kabon ɗan'uwan kunkunniyar fitila ne, ana yinsa ta ƙona mai cikin ƙarancin iska. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin taya shi ne. Akwai mai ƙwaya wajen nanomita 20, wanda giram guda nasa yake da faɗin fuska fiye da murabba'in mita 100, akwai kuma mai ƙwaya fiye da nanomita 200. Mai laushin shi ake sa wa a bayan taya inda take gogar kwalta, gama yana kama zaren roba ta ko'ina. Amma yana da wuyar gaurayawa, yakan dunƙule kamar garin tuwo da aka zuba wa ruwan zafi gaba ɗaya, yana kuma sa taya ta yi zafi a tafiya. Saboda haka a gefen taya da cikinta, inda ake ta lanƙwashewa, mai ɗan kauri ake sawa.

Garin silika ya fi ban sha'awa. Fuskarsa tana son ruwa, roba kuwa dangin mai ce, kun san kuma mai da ruwa ba sa shiri. Maganin shi ne wani sinadari da ake kira silen, wanda yake da hannu biyu: ɗaya yana kama silika, ɗayan yana kama roba, kamar dillalin da yake jin harshen mai saye da na mai sayarwa. A 1992 kamfanin Michelin na Faransa ya fito da taya mai silika da silen, wadda take rage shan mai, ta kuma riƙe hanya da kyau a ruwan sama. Da irin wannan silen ake shafe zaren gilashi tun yana fitowa daga tanderu, kafin a haɗa shi da gam a yi jirgin ruwa ko fiffiken injin iska. In ba a shafa ba, danshi yakan bi tsakanin zaren da gam ya raba su. Garin farar ƙasa da ake cika bututun filastik da shi ma ana fara shafe shi da wani asid na kitse. Zaren kabon kuwa, wanda shi da danginsa suka ɗauki wajen rabin nauyin jirgin sama Boeing 787, sumul yake fitowa, gam ba ya kama shi, sai an ɗan ƙone fuskarsa da lantarki da gangan. Abin lura ke nan: a batir ana lulluɓe kabon don kada ya yi hulɗa da maƙwabcinsa, a jirgin sama ana karce shi don ya yi.

Gamin da kowannenku zai yi hulɗa da shi wata rana, ko da bai karanta kimiyya ba, shi ne kankare. Siminti da ruwa su ne gam, yashi da tsakuwa su ne ƙwayoyi. Ana son ƙwayoyin su bambanta da girma, ƙanana su cike tsakanin manya. Idan yashi ya zo da laka da ƙura, ɓarna biyu ake yi. Ƙurar tana da faɗin fuska, sai ta shanye ruwa, birkila ya ga kwaɓin ya yi tauri ya ƙara ruwa, ruwa mai yawa kuwa yana barin ƙananan ramuka cikin kankare idan ya bushe. Lakar kuma takan lulluɓe ƙwayar yashi da tsakuwa ta zama musu riga marar kyau, siminti ya kama laka maimakon dutse. Bulon da ake murzawa da yatsa yana zuba, ba kullum ne ƙarancin siminti ya jawo ba.

Ana iya gwada yashi kafin a biya mai tifa. A sami kwalba mai haske, a zuba yashi zuwa rabi, a ƙara ruwa da ɗan gishiri, a girgiza sosai, a ajiye ta awa uku. Yashi zai kwanta a ƙasa cikin 'yan daƙiƙu, ƙura da laka su biyo baya su yi layi a samansa. A sa rula a auna kaurin layin, a kwatanta da na yashin. Idan layin siriri ne, a yi gini. Idan ya yi kauri, a wanke yashin ko a nemi na wani rafi. 'Yan ajin SS 2 za su iya yin wannan gwaji a hutu da yashi iri uku na garinsu, su kawo kwalaben ɗakin gwaje-gwaje a farkon zango mu jera su a kan tebur.